Autan Manomi Da Ya Tafi Samaru Koyon Lissafin Fim

A wani ƙauye da ke gefen titin da ya tashi daga Funtuwa ya nufi Malumfashi, kusa da Bakori, akwai wani gida da aka daɗe ba a ambatar kalmar "fim" a gaban maigidan. Shi dai dattijon ba mai wa'azi ba ne a kan 'yan fim. Manomi ne kurum, mai noman masara da auduga, wanda harkar ta taɓa sara. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shaidar saran ta na nan a ɗakin babban ɗan sa, can saman kwaba: wani tsohon katan da aka ɗaure da igiya, cike da kwalayen wani fim da bai sayu ba.

A 2005 abin ya faru. Lokacin kasuwar finafinan Hausa ta na tashe. Tun da Sangaya ya fito a 1999, Wasila ya biyo baya a 2000, duk saurayin da ke da ƙungiyar dirama a garin su ya soma ganin kan sa a matsayin furodusa. Babban ɗan gidan, wanda ƙanne ke kira Yaya, ya na cikin irin waɗannan samarin. Ya yi ta lallashin mahaifin su har ya ba shi kuɗin audugar shekarar da ta wuce, da na masara buhu 40, bisa alƙawarin kafin damina ta faɗi kuɗin sun dawo da riba.

Yaya ya tafi Kano da abokan sa, su ka yi hayar kyamara, su ka ɗauko sanannun 'yan wasa biyu, aka yi waƙoƙi uku a situdiyo. Kafin a kai ga teburin edita kuɗi sun ƙare ƙaf. Don kada a yi biyu-babu, sai da aka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗar gidan aka ƙarasa aikin, aka kai wa hukumar tace finafinai, aka buga kwali.

Ga wanda bai riski zamanin ba, a lokacin furodusa ba kaset ya ke sayarwa ba. Kwalin fim ɗin zai buga, ya haɗa da uwar kaset ya miƙa wa dillalai a kasuwar Ƙofar Wambai. Su ne za su sayi kaset wanda ba komai a ciki, su naɗi fim ɗin, su zura a kwali su sayar. Kuɗin furodusa a kan kwalin ya ke, kuma yawanci ba ya ganin su sai kaya sun shiga. Wanda ya yi kwantai a maido masa da abin sa. To, haka aka yi wa Yaya. Bayan wata uku ya na sintiri tsakanin Funtuwa da Kano, aka damƙa masa katan guda da 'yan kuɗin da ko rabin san da aka sayar ba za su saya ba. Babu takarda, babu sa hannu, bare ya san adadin kaset ɗin da aka naɗa da sunan sa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Dattijo bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Allah ya mayar da alheri." A daminar da ta biyo baya sai da ya yi aron sa a wurin maƙwabci kafin ya yi huɗa. Yaya kuwa ya koma sarin hatsi a kasuwar Ɗandume, bai sake leƙa lokeshin ba.

YARON DA KE KARANTA SUNAYE

Autan gidan ya na da shekara 7 a lokacin. Duk da dokar gida, ya tashi da son fim kamar sauran sa'o'in sa, ya na satar jiki zuwa gidan kallo da daddare. Sai dai ya na da wata ɗabi'a da abokan sa ke yi masa dariya a kai: in fim ya ƙare kowa ya miƙe, shi sai ya zauna ya na karanta sunayen da ke wucewa a allo. Shiryawa, umarni, ɗaukar nauyi, tsarawa, ci gaban shiri. Tambayar da ke cin sa guda ɗaya ce: a cikin waɗannan mutanen, wane ne aikin sa ya hana kuɗi zurarewa? Me ya sa a fim ɗin Yaya ba a samu mai wannan aikin ba?

Da ya gama sakandare a Funtuwa, ya zo cike fom ɗin jarabawar shiga jami'a, sai ya zaɓi Sashen Wasan Kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Sai da sunan sa ya fito sannan ya je ya durƙusa gaban mahaifin sa bayan sallar isha'i.

Duk manomin yankin nan ya san Samaru, domin can ne cibiyar binciken aikin gona ta ke, inda ake fito da ingantaccen irin masara da na auduga. Don haka da dattijo ya ji an ce Samaru sai fuskar sa ta washe.

"Madalla, Auta. Aikin gona za ka karanta ke nan?"

"A'a, Baba. Wasan kwaikwayo ne."

Aka yi shiru mai tsawo. Can dattijo ya ce, "Samarun da kowa ke zuwa neman iri, kai rawa za ka je ka koyo? Sa guda bai ishe ku ba, sai kun haɗa da ɗan'uwan shi?"

Wanda ya ceci Auta a daren nan shi ne wanda ba a zata ba. Yaya, da ke zaune a bakin ƙofa, ya matso ya ce, "Baba, a yi mani haƙuri in sa baki. Ni fa ba fim ne ya kashe ni ba, rashin sani ne. Na shiga kasuwar da ban san mudun ta ba. In har akwai inda ake koyar da mudun, a bar shi ya je ya gano mana."

Sai bayan kwana uku dattijo ya ba da amsa, da sharaɗi biyu. Na farko, duk hutu a gona Auta zai yi shi. Na biyu, ya sayi littafi ya riƙa rubuta duk buhun masarar da aka sayar saboda karatun sa. "Ba don ka biya ni ba," inji shi, "don ka san nauyin abin da ka ɗauka."

AIKIN DA BA MAI SO

Daga Funtuwa zuwa Samaru ba nisa, titi ɗaya ne miƙaƙƙe ta Giwa da Shika, amma da Auta ya shiga aji a 2018 ji ya yi kamar wata duniya ya faɗa. Ya tarar karatun dirama a jami'ar ya samo asali tun 1975, lokacin wani Bature mai suna Michael Etherton wanda ya taɓa koyarwa a Zambiya. Ya ga dandalin wasan da aka gina da jar ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne jin cewa tun a ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban wurin ke shiga ƙauyuka su na shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin su, har Maska, nan kusa da Funtuwa, sun je.

Wani abu da ya kamata duk mai sha'awar wannan hanya ya sani: ilimin gudanar da harkar wasa, wanda shi Auta ya je nema, ba shi ne dukkan digirin ba. Darasi ne a cikin darussa. Dole sai da ya yi tarihin dirama, ya yi rubutun wasa, ya yi ba da umarni, ya hau dandamali ya yi rawar da mahaifin sa ke gudu. A tsakiyar waɗannan ne ya samu abin sa: yadda ake tsara kasafin kuɗin shiri, yadda ake jadawalin aiki, rubuta yarjejeniya, haƙƙin mallaka, talla, sayar da tikiti, da sanin su wane ne 'yan kallon ka tun kafin ka kashe sisi.

Duk lokacin da aji zai shirya wasa, rububi ake yi a kan fitowa a jarumi ko zama darakta. Kujerar manajan shiri, mai karɓar karo-karo da sayen kaya da rabon abinci, ba mai kallon ta. Auta ya riƙa ɗaga hannu, har 'yan ajin su ka laƙaba masa "Akanta".

Karon sa na farko bai yi daɗi ba. Abokin sa da ke ba da umarni ya matsa lallai sai an ɗinka sababbin kayan sarauta an buga fosta mai launi, shi kuma ya ji kunyar cewa a'a. A daren wasan, ana tsakiyar fitowa ta biyu wuta ta ɗauke. Ga janareta, amma ko kuɗin lita ɗaya na mai bai rage a hannun sa ba. Sai da ya jinginar da wayar sa a wurin wani mai shago aka samo mai, bayan rabin 'yan kallo sun watse. Washegari malamin su ya karɓi takardar lissafin ya duba sama da ƙasa, ya yi masa tambaya ɗaya: "Ina kuɗin ko-ta-kwana?" Ranar ya koyi cewa mai tsara kasafi ya kan ware kamar kashi 10 cikin 100 ya ɓoye, kuma rabin aikin manaja shi ne iya cewa a'a ga wanda ya ke jin nauyi.

DARASIN DA AKA YI A GINDIN RUMBU

Karatun shekara huɗu ya zama kusan shida. A 2020 cutar korona ta haɗu da yajin aikin malaman jami'o'i na wata tara, a 2022 kuma aka sake yin wani daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk wannan zaman a gida Auta ya yi shi, a daidai lokacin da rashin tsaro ya hana mutane da dama a yankin Faskari da Sabuwa da Ɗandume zuwa gonakin su na nesa, taki kuma ya yi tsada. Kowane buhu da ya rubuta a littafin nan ya san da gumi aka same shi.

A wannan zaman ne ya lura da abu biyu. Na farko a teburin mai shayi ya gan shi. Samari sun daina zancen kaset da faifan CD, kowa ya duƙufa a kan waya ya na kallon Izzar So, shirin Lawan Ahmad da ya soma fita a 2020 a YouTube, a tashar da ke ɗauke da sunan garin da ke maƙwabtaka da su, wato Bakori TV. Kasuwar da ta cinye Yaya ta riga ta mutu, masu satar fasaha da masu tura finafinai a waya sun ƙarasa ta. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa jama'a da shiri mai dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Mudun ya canza, amma tambayar ta na nan yadda ta ke: kuɗin 'yan kallo ta hannun wa su ke biyowa? Jiya mai riƙe da uwar kaset ne, yau mai riƙe da tashar ne.

Na biyun kuwa a gida ya gan shi. Wata rana ya zauna kusa da mahaifin sa a gindin rumbu ana shirin damina, ya ji dattijo na lissafi da ka: kaza na iri, kaza na taki, kaza na 'yan ƙwadago a noman farko da maimai, kaza na girbi da ɗauko kaya. Sannan ya nuna wasu buhuna biyu a lungu ya ce waɗannan ko mutuwa ake ba a taɓa su sai an ga sabuwar masara. Auta ya yi dariya har dattijo ya tambaye shi dalili.

"Baba, ai wannan shi ne abin da na jinginar da waya ta kafin in koya a makaranta."

Daga ranar bakin dattijo ya buɗe. Da daddare su uku su ka zauna, Yaya ya kawo duk abin da ya iya tunawa na fim ɗin sa, Auta ya na rubutawa. Su ka gano ramuka huɗu. Yaya bai raba kuɗin sa gida-gida ba, ya zuba kusan duka a ɗaukar hoto, ya manta da edita da tacewa da kwali da talla. Ba shi da jadawali, har jarumin da aka biya kuɗin kwana uku ya yi yini guda a zaune ana neman gidan da za a yi sin ɗin sa. Bai karɓi takarda daga hannun kowa ba. Na huɗun kuwa dattijo ne da kan sa ya gano shi, da ya ji cewa a watan Agusta aka saki fim ɗin.

"A tsakiyar damina? Lokacin da manomi ke neman na cefane? Wa zai sayi kaset a marka? Ai da ka haƙura zuwa kaka."

Auta ya duba kalandar wayar sa, ya ga a 2005 ƙaramar Sallah a farkon Nuwamba ta faɗo, daidai lokacin da amfanin gona ya shigo hannu. Yaya ya riƙe baki. Abin da littafi ke kira nazarin kasuwa, ashe mutumin da bai taɓa shiga gidan kallo ba ya san shi tun kafin a haife su.

TAKARDA BA TA ƊAUKAR KYAMARA

Kada mai karatu ya zaci da Auta ya gama a 2023 industiri ta shimfiɗa masa darduma. Aikin bautar ƙasa ya kai shi Kano, ya na koyarwa da safe, da yamma ya na bin ofisoshin 'yan fim. Furodusan farko da ya nuna wa takardun sa ko buɗewa bai yi ba. Cewa ya yi, "Malam, takarda ba ta ɗaukar kyamara. Za ka iya riƙe fitila?"

Ya riƙe fitilar. Ya sayo ruwa, ya ɗauko kaya, ya tare yara 'yan kallo a lokeshin. A nan ya ga abubuwan da ba a rubuta a allo ba: yadda ake gaida mai unguwa kafin a kafa kyamara a layin sa, yadda ake lallashin jarumar da ta makara awa uku ba tare da ta yi fushi ta tafi ba, da yadda a harkar nan amana da sanayya ke gaba da komai, har in ka fito da takarda da garaje sai a ce ka na zargin mutane. Ya kuma yarda cewa akasarin waɗanda su ka gina industirin ba wannan karatun su ka yi ba. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya a Janairun 2024, ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Lokeshin ma makaranta ce, kuma ba ta karɓar sakamakon wata makarantar.

Damar sa ta zo ne ranar da mai tsara aikin wani shiri mai dogon zango ya kwanta rashin lafiya. Auta ya roƙi a ba shi labarin ya kwana da shi. Da safe ya kawo jadawali: duk fitowar da za a yi a gida ɗaya ya haɗa su rana ɗaya, duk na jarumi ɗaya ya jera su a jere. Aikin da aka yi wa kasafin kwana 12 aka gama a kwana 10. Furodusan ya lissafa kuɗin abinci da masauki da hayar kayan aiki na kwana biyu da su ka rage a aljihun sa, ya dube shi ya ce, "Kai, wai me ka ce ka karanta?"

Yanzu shi ke riƙe da littafin kamfanin. Shi ke rubuta 'yar takardar da ke fayyace kuɗin kowa da ranar biya, wadda ya ke gabatarwa da lafazi mai laushi: "Saboda mantuwa ne, ranka ya daɗe, da kuma halin rai." Shi ke tunatar da cewa YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da tasha sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, don haka sabuwar tasha ta nemi mai ɗaukar nauyi tun kafin a kunna kyamara. Da hukumar tace finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a watan Mayun 2025 saboda batun kai su tacewa kafin saki, nasu bai shiga ciki ba, domin ranar zuwa hukumar ta na cikin jadawalin sa tun farko.

Ƙannen abokan sa kan kira shi su ce su na son shiga fim, ina za su nufa? Ya kan lissafa masu Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos. Sannan ya ƙara da cewa duk wanda ya tafi, ya riƙa leƙa lokeshin tun ya na ɗalibi, kuma kada kowa ya ce sai gaban kyamara. Fuskoki sun yi yawa a industiri. Masu riƙe littafi ne ba su da yawa.

KATAN YA SAUKO

A kakar da ta wuce Auta ya je gida da ambulan a aljihu da tsohon littafin nan a hannu. Buhu 31 ya rubuta daga shiga jami'a zuwa fita. Abin da ke cikin ambulan ɗin bai fi kuɗin buhu huɗu ba, ya kuma faɗi haka ba ɓoye-ɓoye. Dattijo ya karɓa ya ƙirga, ya zare takarda ɗaya ya sa a aljihu don albarka, ya tura masa sauran.

Daga nan Auta ya juya wurin wan sa. "Yaya, lokacin da ka ba su fim ɗin nan, ka sa hannu a wata takarda cewa ka sayar masu?"

"Wace takarda? Ai rashin ta ne ya kashe ni."

"To ai a dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar nan, sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. In ba ka rubuta ba, ba ka sayar ba. Fim ɗin ka na nan a matsayin naka."

Yaya ya tashi bai ce komai ba, ya shiga ɗaki ya sauko da katan ɗin, ya kwance igiyar da ta shekara 20 a ɗaure. A ƙarƙashin kwalayen da gara ta ɗan taɓa akwai kaset guda ɗaya, wanda ya ajiye wa kan sa. Ba wanda ya san ko zaren bai lalace ba. Auta ya ce akwai masu juyar da irin sa zuwa kwamfuta a Kano, in ya yi kyau sai a nemi waɗanda su ka yi waƙoƙin a daidaita da su a rubuce, sannan a san tashar da za a ɗora shi.

Dattijo, wanda duk wannan lokaci ya na jin su, ya miƙa hannu a ba shi kwali ɗaya. Ya daɗe ya na kallon hoton babban ɗan sa da ƙuruciya, sanye da shadda, an rubuta "furodusa" a ƙasan sunan sa. Sannan ya ɗago ya dubi ƙaramin.

"Auta, kafin a kai shi ko'ina, ɗauko littafin ka. Nawa za a kashe, kuma mi za a ajiye a lungu?"